RA'AYINMU: Ƙirƙirarriyar basira da ma'aikacin da ke fargabar buɗe baki

Duk wanda ya san aikin gwamnati ya san cewa rabinsa a takarda yake, rabinsa kuma a baki. Fayil ne ke yawo daga tebur zuwa tebur, amma da baki ake kare kasafin kuɗi a gaban kwamitin Majalisar Dattawa, da baki hadimi ke taƙaita wa minista batu cikin mintuna uku kafin ya shiga mota, kuma da baki ake amsa tambayar babban sakatare a taron shugabannin sassa. Hatta daraktan da ke neman kujerar babban sakatare, bayan ya tsallake rubutacciyar jarrabawa da gwajin sanin kwamfuta, sai ya zauna gaban kwamiti an yi masa tambayoyi ido da ido. Saboda haka ma'aikacin da harshensa ke sarƙewa a gaban jama'a yana cikin asara, ko da kuwa ya fi kowa sanin aikin, gwamnatin da ke biyansa albashi ma tana cikin asarar.

Tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu iya hira da mutum sun shiga aljihun kusan duk mai babbar waya. Cikin abubuwan da ake amfani da su a kai har da wanda ba a cika faɗa a fili ba, wato neman taimako kan yadda za a yi magana da mutane. Wani zai roƙi manhaja ta tsara masa kalmomin da zai nemi hutu da su wurin mai gidansa, wani ya sa ta zama kamar ɗan majalisa mai zafin tambaya don ya gwada amsoshinsa, wani kuma ya zauna da ita cikin dare yana ba ta labarin yadda muryarsa ta yi rawa a taro. Matsayar wannan jarida a kan lamarin ita ce: fasahar tana da amfani na haƙiƙa a matsayin filin atisaye, tana da haɗari idan ta zama maɓoya, kuma lokaci ya yi da hukumomin da ke kula da ma'aikatan tarayya za su fitar da ƙa'ida a kai maimakon su bar kowa da wayarsa.

Da farko ya kamata a rarrabe tsakanin kunya da ciwo. A tarbiyyarmu kunya ado ce, kawaici kuma alamar hankali ne. Yaron da ke sunkuyar da kai gaban manya, da ƙaramin ma'aikacin da ba ya katse maganar na sama da shi, ba marasa lafiya ba ne. Abin da likitocin ƙwaƙwalwa ke kira ciwon fargabar mu'amala da jama'a wani abu ne daban. Mai fama da shi yana jin tsoro mai tsanani, wanda ke daɗewa watanni, cewa mutane suna sa masa ido kuma za su ga kasawarsa su yi masa dariya. Zuciyarsa kan buga da ƙarfi, gumi ya karyo masa, hannunsa ya yi karkarwa, abin da ya haddace ya ɓace masa. Yakan kwana bai yi barci ba saboda taron gobe, ya kuma shafe kwanaki yana bitar kalma ɗaya da ya furta a taron jiya. Mai kunya yana iya magana idan magana ta kama, shi kuwa wannan yana so ya yi magana ya kasa. Yawanci ciwon kan fara ne tun a farkon ƙuruciya, kuma da yawa sukan ɗauke shi shekara da shekaru a matsayin halinsu ne kawai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da nau'o'in ciwon fargaba a duniya, wanda wannan na cikinsu, kuma kimanin mutum ɗaya cikin huɗu ne kacal ke samun magani. A watan Maris na 2022 hukumar ta sanar da cewa ciwon fargaba da na damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta annobar korona. A ofisoshinmu alamun ba sa ɓoyuwa ga mai lura. Akwai jami'in da ya gano kuskure a lissafin kwangila amma ya yi shiru a taro har aka sa hannu. Akwai wanda kullum ke samun uzurin rashin lafiya ranar da zai gabatar da rahoto, da wanda ke miƙa aikin da ya sha wahalarsa ga abokinsa mai baki, abokin ya kwashe yabo ya kuma kwashe tafiyar ƙaro ilimi. Idan aka tara irin wannan shirun daga Sakatariyar Tarayya zuwa ƙananan ofisoshin jihohi, za a ga cewa ƙasa tana rasa shawarwarin da ta riga ta biya kuɗinsu.

Abin farin ciki shi ne ciwon yana da magani, kuma an san yadda yake aiki. A shekarar 1995 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Birtaniya, David Clark da Adrian Wells, suka fitar da bayanin da har yau ake dogaro da shi. A cewar bayanin nasu, da zarar mai ciwon ya shiga cikin mutane sai hankalinsa ya koma kan kansa, yana auna bugun zuciyarsa da sautin muryarsa, har ya kasa ganin cewa mutanen da ke gabansa ba su ma lura ba. Sa'annan sai ya ɗauki wasu dabarun kare kai, kamar haddace kowace jimla kafin ya faɗe ta, ko kauce wa haɗa ido, ko zama a kujerar baya, ko riƙe takarda tamau. Dabarun suna ba shi sauƙi na ɗan lokaci, amma su ne ke raya ciwon, domin duk lokacin da taro ya ƙare lafiya sai ya ɗauka dabarar ce ta cece shi, ba zai taɓa gane cewa abin da yake tsoro ba zai faru ba ko da bai yi ta ba. Maganin da ya fi inganci shi ne zaman tattaunawa da ƙwararre wanda ke gyara tunani da ɗabi'a, inda ake sa mutum ya tunkari abin da yake tsoro daki-daki, yana ajiye dabarun ɗaya bayan ɗaya. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa wannan hanya a sahun farko tun a 2013, gaba da shan ƙwaya.

Matsalar Najeriya ita ce ƙarancin masu ba da wannan magani. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha kokawa cewa 'ya'yanta da ke aiki a gida ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma ƙaura zuwa ƙasashen waje na ci gaba da rage su. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Kaduna da Maiduguri da Kware da Aro da Yaba sun cika da masu ciwon da ya fi wannan tsanani. Ga kuma ƙyama, domin ma'aikacin da aka gani a ƙofar likitan ƙwaƙwalwa yana tsoron a ce ya taɓu, maganar ta kai ga kunnen masu ba da muƙami. Ƙasar nan ta shafe shekaru fiye da sittin tana aiki da dokar mahaukata ta 1958, sai a Janairun 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa. A irin wannan yanayi ba abin mamaki ba ne mutum ya juya ga abin da ke aljihunsa, wanda ba ya gajiya, ba ya tsegumi a ofis, kuma yana nan ko da ƙarfe biyun dare ne.

Kuma gaskiya ita ce manhajar tana iya taimakawa. Jami'in da zai kare kasafin sashensa yana iya sa ta yi masa tambayoyi masu tsauri sau goma, har ya saba da jin tambayar da ba ya so. Hadimin da zai sanar da mai gidansa labari marar daɗi yana iya gwada faɗinsa da murya, ya ji inda ya yi tsawo da inda ya yi kwana-kwana. Wanda ya fito daga taro yana ganin ya kunyata kansa yana iya rubuta abin da ya faru, manhajar ta tambaye shi hujjar da yake da ita cewa kowa ya lura, wanda hakan na daga cikin abubuwan da ƙwararru ke koyarwa. Akwai ma shaidar bincike. A watan Maris na 2025 masana daga jami'ar Dartmouth ta Amurka suka wallafa sakamakon gwajin wata manhaja mai suna Therabot da mutum 210 suka shiga, inda alamun ciwon damuwa suka ragu da kimanin rabi, na fargaba kuma da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda suka yi amfani da ita. Sai dai a lura da abu uku. An gina manhajar ne musamman don jinya cikin shekaru, ƙwararru na bibiyar hirarrakin don shiga tsakani idan an ga haɗari, kuma an kwatanta masu amfani da ita ne da waɗanda ke jiran layi ba tare da wani magani ba. Manhajar da ma'aikaci ya sauke kyauta a wayarsa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan matakan tsaro.

Haɗari na farko yana cikin yanayin ciwon kansa. Idan dabarun kare kai ne ke raya shi, to babu dabarar da ta kai na'urar da za ta rubuta wa mutum kowace kalma. Wanda ba ya iya tura saƙon gaisuwa sai manhaja ta duba masa, ko wanda ya sa abin sauraro a kunne tana raɗa masa amsa yayin taron bidiyo, yana koya wa zuciyarsa ne cewa shi kaɗai ba zai iya ba. Mafi muni shi ne wanda hira da na'ura ta ishe shi har ya rage neman mutane. Wannan ba sabon abu ba ne. A 1966 Joseph Weizenbaum na cibiyar fasaha ta MIT ya ƙera ELIZA, wata 'yar manhaja da ba ta yin komai illa juya wa mutum maganarsa ta zama tambaya, amma ya ga mutane suna buɗe mata cikinsu, har sakatariyarsa ta nemi ya fita daga ɗakin don ta keɓe da ita. Abin ya tayar masa da hankali har ya koma cikin masu gargaɗi a kan fasahar. Manhajojin yau sun ninka ELIZA iya zance, jan hankalinsu ma ya ninka nata. Ba a koyon iyo a tudu, kuma atisayen da ba a fita da shi fili ba wata hanyar ɓuya ce kawai.

Haɗari na biyu shi ne daɗin baki. An horar da waɗannan manhajoji su faranta wa mai amfani da su, shi ya sa sukan karkata ga yarda da duk abin da ya faɗa. A watan Afrilun 2025 kamfanin OpenAI da kansa ya janye wani sabon gyara da ya yi wa ChatGPT saboda ya mayar da ita mai yawan fadanci. Mai fargaba yana buƙatar wanda zai tura shi gaba cikin lalama, idan kuwa ya ce ya yanke shawarar ƙin halartar taro, na'urar ta ce masa ya kyauta da ya kula da kansa, to ta ƙara masa ciwo. Ɗan majalisar da zai tare shi da tambaya ba zai yi masa wannan sassaucin ba.

Haɗari na uku ya fi shafar masu karatunmu kai tsaye, wato sirri. Ma'aikacin tarayya yana ƙarƙashin rantsuwar riƙe sirri, da Dokokin Aikin Gwamnati, da Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962. Wanda ke son gwada yadda zai yi bayanin wata takarda yakan ji sha'awar kwafe takardar gaba ɗaya ya zuba a manhaja, tare da sunan minista da adadin kuɗi da abin da aka tattauna a bayan ƙofa. Da zarar ya yi haka, bayanin ya tafi rumbun wani kamfani a wata ƙasa. A 2023 kamfanin Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorin aiki bayan wasu injiniyoyinsa sun zuba bayanan sirri na kamfanin a ChatGPT. Haka kuma sirrin mutum na kansa ba shi da tabbacin kariya. Shugaban OpenAI, Sam Altman, ya faɗa a bainar jama'a a 2025 cewa hira da manhajarsu ba ta da kariyar doka irin ta hira da likita ko lauya. A 2023 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp, mai ba da shawarar lafiyar ƙwaƙwalwa ta intanet, biyan dala miliyan 7.8 bisa zargin miƙa bayanan masu hulɗa da shi ga kamfanoni irin su Facebook don talla. Ga hadimin babban jami'i, bayanin rauninsa da na mai gidansa makami ne a hannun duk wanda ya same shi.

Akwai kuma batun harshe da al'ada. Mafi yawan abin da aka horar da manhajojin da shi Turanci ne, kuma ladabin da suka sani na ofisoshin Amurka ne. Za su iya ba ƙaramin jami'i shawarar ya kafe darakta da ido ya kira shi da sunansa na yanka, abin da a nan zai zama rashin tarbiyya. Ba su san nauyin "ranka ya daɗe" ba, ba su san lokacin da shiru ya fi magana ba, kuma suna iya ɗaukar kawaici a matsayin ciwo. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS a Satumban 2025, wani tsarin ƙirƙirarriyar basira da ya ƙunshi Hausa da Yarabanci da Ibo, kuma wannan mataki ne mai kyau, amma jin harshe daban, sanin jinya daban.

Daga ƙarshe akwai masu ciwon da ya wuce atisaye. Fargabar mu'amala takan zo tare da ciwon damuwa, wasu kuma sukan faɗa shaye-shaye don samun ƙarfin halin shiga mutane. A 2023 wata ƙungiyar masu fama da matsalar cin abinci a Amurka ta dakatar da manhajarta mai suna Tessa bayan ta riƙa ba marasa lafiya shawarar rage ƙiba, wadda ita ce ainihin abin da ke cutar da su. A wannan shekarar hukumar kare bayanai ta Italiya ta taka wa manhajar abota ta Replika burki saboda haɗarinta ga yara da masu rauni. A Agustan 2025 jihar Illinois ta Amurka ta kafa dokar da ta haramta wa manhaja yin aikin jinyar ƙwaƙwalwa ba tare da ƙwararre mai lasisi ba. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Saboda haka muna kira ga Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya, wanda ya riga ya rungumi wannan fasaha ta hanyar manhajar Service-Wise GPT, da ya fitar da takardar umarni a sarari kan abin da ma'aikaci zai iya sakawa a manhajojin waje da abin da ba zai iya ba. Haramci kacokan ba zai yi aiki ba, domin wayar ta mutum ce kuma daren nasa ne. Abin da zai yi aiki shi ne ƙa'ida mai sauƙin fahimta, tare da samar da amintaccen dandalin atisaye na cikin gida wanda shugabannin ma'aikaci ba za su iya leƙa hirarsa ba. Cibiyar horar da ma'aikata ta PSIN da ke Abuja da kwalejin ASCON da ke Badagry su sa koyon magana a taro da gabatar da rahoto cikin darussansu na dindindin, a ƙananan rukunoni, inda mutum zai yi kuskure gaban 'yan uwansa ya ga duniya ba ta tashi ba.

Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa tana da hurumi a ƙarƙashin dokar 2023, wadda ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Ya kamata ta yi amfani da shi wajen tilasta wa duk manhajar da ke tallata kanta ga 'yan Najeriya a matsayin mai taimakon lafiyar ƙwaƙwalwa ta bayyana inda take ajiye bayanai da wanda take ba wa. Ma'aikatar Lafiya tare da NITDA su tsara ma'aunin da zai bambanta manhajar atisaye da mai iƙirarin jinya, a kuma wajabta wa kowacce ta riƙa tura mai amfani zuwa asibiti na gaske a Najeriya idan ta ga alamar haɗari. Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa kuwa ta tabbatar da cewa ma'aikacin da ke cikin tsarinta zai iya ganin masanin halayyar ɗan Adam ba tare da dogon zagaye ba, domin muddin ganin ƙwararre ya fi ƙarfin aljihu, mutane za su ci gaba da komawa ga abin da ke kyauta.

Shugabannin ofis ma suna da nasu kason, kuma nasu ba ya buƙatar kasafi. Daraktan da ke disga ƙaramin jami'i a bainar taro yana koya wa duk ɗakin yin shiru. Raba ajandar taro tun da wuri, da tambayar ra'ayin kowa bi da bi, da karɓar shawara a rubuce daga wanda baki ke yi wa nauyi, duk suna fito da ilimin da ke ɓoye a kujerun baya.

Shi kuma ma'aikacin da ya ga kansa a cikin wannan bayani, shawararmu gare shi ita ce ya yi amfani da manhajar da manufa da kuma iyaka. Ya cire sunaye da alƙaluma da duk abin da ya shafi sirrin aiki kafin ya rubuta komai. Ya umarce ta da ta yi masa tambayoyi masu wuya ta kuma faɗa masa gaskiya. Ya riƙe manyan batutuwa uku ko huɗu a maimakon haddace jimloli. Kowane atisaye ya biyo shi da mataki na zahiri a cikin makon, ko da tambaya ɗaya ce a taro ko gaisawa da abokin aikin da ya saba kauce wa. Ma'aunin yana da sauƙi: idan bayan wata biyu maganarsa da mutane ta ƙaru, manhajar ta yi amfani, idan kuwa hirarsa da ita ce ta ƙaru, ta mutane ta ragu, to ya ajiye ta ya nemi likita. Haka nan idan fargabar ta hana shi barci, ko ta kai shi ga shan wani abu, ko ta sa shi tunanin cutar da kansa, kada ya jira. Asibitin Ƙasa da ke Abuja da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada suna da sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zuwa wurinsu ba abin kunya ba ne.

Gwamnatin da ke son aikinta ya koma na zamani tana buƙatar ma'aikatan da za su iya ɗaga hannu su ce akwai gyara kafin a sa hannu a takarda. Na'ura za ta iya shirya mutum don wannan lokacin, amma idan lokacin ya zo, shi ne zai miƙe ya yi magana, kuma haƙƙin hukuma ne ta tabbatar da cewa ɗakin da zai yi maganar a ciki zai saurare shi.